Hoton Da Ya Tona Wurin Iya Ragna

Ƙamshin man shanu da albasa ya cika kicin ɗin gidan Torvald, har ya tsallako shinge ya same ni ina shanyar kaya a bayan gidana. Shekara talatin da ɗaya ina maƙwabtaka da su, saboda haka duk abin da zan faɗa muku, ko dai na gani da idona, ko kuma Gunnel matar gidan ta tsegunta min ta saman shinge.

Ranar Lahadi ce, saura sati uku zaɓe. Gunnel tana gaban murhu tana juya kantarel a kasko, laimar kwaɗin nan mai ruwan ɗorawa da mu mutanen Granlida muke haukacewa a kanta duk lokacin kaka. Iya Ragna, mahaifiyar Torvald, tana zaune a bakin taga da ɗan burushinta, tana kakkaɓe ƙasa daga waɗanda suka rage a kwando. Shekarunta tamanin da uku, amma ko allura ta faɗi ita ke fara gani.

"Majken! Ke Majken! Ƙaro faranti, ga ɗan adawa nan ya iso!" in ji Torvald, yana leƙe ta taga.

Majken ta sauko daga sama da gudu tana gyara gashi. Ita kaɗai Allah ya ba su, ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gari. Kafin ta kai ƙofa Sixten ya jingine kekensa ya shigo, kunnuwansa sun yi ja saboda iska.

"Sannunku da gida. Baba Torvald, jiya na wuce ta gaban rumfarku, ban ga kowa ba sai wani kare."

"Shi ma karen, mu zai zaɓa. Zauna ka ci abinci, yaro, ka samu ƙarfin shan kaye!"

Aka kwashe da dariya. Haka suke kullum. A dandalin gari jam'iyyu sun kafa 'yan rumfunansu na katako kamar yadda aka saba, ta su Torvald tana kallon ta su Sixten, taku goma ne tsakani. Torvald ya yi shekara ashirin da biyu yana kansila. Sixten kuwa malamin firamare ne, wannan ne karonsa na farko, sunansa can ƙasan jerin 'yan takarar jam'iyyarsu, ba zai shiga majalisar gari ba sai mutane da yawa sun yi wa sunansa alama. Rigimar bana a kan dajin gabas da tafki ce. Su Torvald suna so a sayar wa masu yankan katako domin samari su samu aiki, su Sixten sun ce ko reshe ba za a taɓa ba. Da rana su yi ta cacar baki, in gahawar rumfa ɗaya ta ƙare a tsallaka ɗayar a tsiyayo. Ba wanda ya taɓa jin cewa siyasa za ta hana auren Majken da Sixten da aka sa wa rana a watan Mayu.

Suna tsakiyar cin abinci Iya Ragna ta ajiye cokali, ta dubi Sixten ta saman tabarau.

"Kana da takalmin ruwa?"

"Ina da shi, Iya."

"To ran Asabar ka zo da shi. Ƙarfe shida na safe. In ka makara ka tarar mun tafi."

Cokalin Majken ya suɓuce ya faɗi ƙasa, Gunnel ta dafe ƙirji, Torvald ya yi gyaran murya ya ce, "To fa! Yaro, ka shigo gida."

A garinmu kana iya tambayar mutum albashinsa, ko ciwon da ke damunsa, har ma wanda zai zaɓa in ba ka da kunya. Amma ka tambaye shi inda yake tsinko kantarel? Zai dube ka ya yi murmushi ya ce, "A daji." Iyakar amsar ke nan. Wurin Iya Ragna kuwa shekara sittin ana neman sa. Ni kaina na taɓa bin bayanta wata safiya, ta zagaya da ni har na faɗa cikin fadama, na dawo gida da takalmi ɗaya. Ba ta nuna wa kowa sai wanda ta yarda ya zama ɗan gida.

Ran Asabar tun kafin shida Sixten yana bakin ƙofa. Su uku suka tafi, Iya a gaba da sandarta, Majken da kwando, shi a baya yana tuntuɓe da saiwoyi. Sun yi tafiyar kusan awa ɗaya kafin su iso gaban wani ƙaton dutse da ya tsage gida biyu, wata bishiya ta tsiro ta tsakiyar tsagar. Ƙarƙashinsa kuwa, cikin gansakuka, kantarel ne ko'ina, rawaya kamar an watsa gwaiduwar ƙwai.

"Kai! Iya, wannan duk namu ne?"

"Rage murya, daji yana da kunne." Ta dafa dutsen da tafin hannunta. "A nan marigayi mijina Alvar ya ce yana so na. Ina tsugune ina tsinka, ko gwiwa bai durƙusa ba, wai wandonsa sabo ne. Sixten, ban kawo ka nan don ka iya tsinka ba, ba ka iya ba. Amana na ba ka."

"Iya, ko da wuƙa a wuyana ba mai ji daga bakina."

Suka cika kwanduna, suka zauna suka sha gahawa da biredi mai kirfa. Rana ta ɓullo ta tsakanin itatuwa ta haska Majken tana riƙe da kwando, sai Sixten ya zaro waya ya ɗauke ta hoto.

"Sixten, kar fa ka sa shi a ko'ina!"

"Haba, ni yaro ne? Nawa ne ni kaɗai, in riƙa kallo in na gaji da surutun babanki."

Wallahi da gaske yake a lokacin. Amma zaɓe yana da wani irin zazzaɓi da ke ɗauke wa mutum hankali. Ran Litinin mutanen jam'iyyarsu suka ce suna bukatar hoton daji mai kyau kafin a rufe ɗab'i da yamma, domin takardar kamfen ɗinsa. Ya duba wayarsa kaf, babu wanda ya kai wannan. Ya yanke fuskar Majken, ya bar hannuwanta da kwando cike fal, ga dutsen nan a baya da bishiyarsa. A ransa ya ce ai dutse dutse ne, wa zai gane? Aka buga dubu biyu, har da fostoci, da manyan baƙaƙe a sama: DAJINMU BA NA SAYARWA BA NE. Ran Laraba kowane akwatin wasiƙa a Granlida da takardar a ciki.

Kayya, yaro bai san garinmu ba. Ba wanda ya karanta rubutun, kowa kwandon ya ƙura wa ido. Kafin azahar tsofaffin mafarauta sun gane dutsen, kafin magariba matansu sun ji, abin da matansu suka ji kuwa ai gari ya ji. Ran Asabar motoci goma sha huɗu aka ƙirga a bakin hanyar daji. Ni ma, Allah na tuba, tawa tana ciki. Me zan ce muku? Shekara talatin ina nema.

Iya Ragna ta iso da kwandonta wajen ƙarfe takwas. Ta tarar an tsinke komai har 'yan ƙananan da ba su kai farce ba, an tattake gansakukar ta koma taɓo, wani ma ya yar da ledar alewa a cikin tsagar dutsen. Ta sunkuya da ƙyar ta ɗauke ledar ta sa a aljihu, ta juya. Na ɓuya a bayan bishiya don kunya, amma na ga hawaye a fuskarta.

Da ta koma gida ta rataye kwandon, ta shige ɗakinta ta rufe ƙofa. Torvald kuwa ya doka takardar a kan tebur har kofuna suka yi tsalle. Wannan ba sai Gunnel ta ba ni labari ba, daga gidana na ji.

"Kin gani? Kin ga wanda kika kawo mana? Kwana biyu kacal! Kwana biyu ya kasa riƙe amanar tsohuwa, saboda ƙuri'a!"

"Baba, kuskure ne, bai yi nufin..."

"Kuskure? Da idonki kika ga ya rantse! Mutumin da zai sayar da kakarki don kujera, gobe ke zai sayar!"

"Torvald, sassauta mana," in ji Gunnel.

"Ba zan sassauta ba! Majken, ke ba yarinya ba ce, ba dokar da ta ba ni ikon hana ki aure. Ki aure shi in kin ga dama. Amma ran bikin kujerata da ta Iya za su zauna babu kowa, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka gidan nan ba!"

Majken ta fashe da kuka, ta ɗauki rigar sanyinta ta fita. Kai tsaye ta nufi dandali. Ta tarar da Sixten a rumfa yana raba gahawa yana washe baki, domin tun da aka fara kamfen bai taɓa ganin jama'a irin na ranar ba. Ta ja hannunsa zuwa bayan rumfar.

"Me na ce maka game da hoton nan?"

"Majken, sori, na san ban kyauta ba. Amma ai na cire fuskarki, ban kuma rubuta sunan wurin ba. Kin ga yadda mutane suka cika kuwa? Dajin nan fa nake ƙoƙarin ceto wa, har da wurin Iya a ciki. Laimar kwaɗi ce, baɗi za ta sake fitowa."

Ta tsaya tana kallonsa, hawaye na zuba, har sai da ya sunkuyar da kai.

"Baɗi za ta fito? To ka je ka faɗa wa Iya haka, tana ɗaki tun safe ko ruwa ba ta sha ba. Wurin da kakana ya nemi aurenta ne, yau ledar alewa ta tsinto a ciki. Ina son ka, Sixten, ba zan ɓoye maka ba, kuma ga zobenka a hannuna ban cire ba. Amma ba zan shiga coci in ga kujerar Iya babu kowa ba. Na ɗage bikin."

"Har zuwa yaushe?"

"Wannan kai za ka amsa, ba ni ba."

Ta tafi ta bar shi da butar gahawa a hannu.

Washegari da yamma aka ƙwanƙwasa min ƙofa. Na buɗe, sai ga Sixten da buhu a kafaɗa, idanunsa sun faɗa.

"Sannu da gida. Don Allah takardar kamfen ɗina da aka jefa miki, in tana nan ki ba ni."

"Me za ka yi da ita?"

"Ƙonawa. Bai kamata ta fito ba tun farko."

Na miƙa masa ina kare ƙofa da jikina, domin a bayana kantarel ɗin Iya Ragna ne ke soyuwa a kasko. Ya shaƙi ƙamshin, ya dube ni, ya saɓa buhunsa ya tafi. Ban taɓa jin abinci ya fita raina irin na ranar ba.

Haka ya bi gari gida-gida, kwana huɗu. Ya bi sandunan fitila ya ciccire fostocinsa masu hoton, saura mako guda zaɓe, ba kuma lokacin buga wasu. Mutanen jam'iyyarsu suka yi masa ca.

"Ka haukace ne? Asirin ya riga ya tonu, me cirewar za ta ƙara? Kujera ce fa kake zubarwa!"

"Na sani. Amma ba zan ci zaɓe da abin da na sata ba."

Daga nan aka daina ganinsa a rumfa. Kullum in an tashi daga makaranta sai ya sa takalmin ruwa ya shiga daji. Da farko ya je gindin dutsen ya mayar da gansakukar da aka tattake, yanki-yanki, da hannunsa. Sannan ya shiga yawon neman sabon wuri da zai ba Iya a madadin wanda ya ɓata. Mutumin da ba ya bambance gabas da yamma! Sau biyu ya ɓace, sau ɗaya wani mai tarakta ya tsinto shi a hanyar garin da ke gaba da mu. Sauro ya mayar da fuskarsa kamar an yi masa sakiya.

Majken kuwa ba ta yi wa mahaifinta rashin kunya ba, ba ta kuma tattara kaya ta bar gida ba, ko da yake ƙawayenta sun ba ta wannan shawarar. In ta dawo daga asibiti sai ta taya Gunnel dafa tuffa ana zubawa a kwalabe, ta kai wa Iya shayi ɗaki, ta zauna kusa da ita suna saƙa. Da yamma a kunna talabijin a kalli muhawarar 'yan takara, Torvald yana yi wa allon tsawa, kujerar da Sixten ya saba zama tana gefe. Shi kansa Torvald, in ji Gunnel, sau biyu yana juyawa zai tsokani mai kujerar, sai ya tuna ya haɗiye maganarsa.

Ana gobe zaɓe da safe Gunnel ta buɗe ƙofa ta tarar da kwando a kan matakala, da 'yar takarda: "Iya, ban samu kamar naki ba. Ga abin da na samu." Ta kai wa Iya. Tsohuwa ta sa tabarau ta fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, tana jefawa gefe.

"Wannan ba shi ba ne. Wannan ma. Wannan in ka ci, kwana uku kana zarya bayan gida. Wannan kuwa ko akuya ba ta ci." A cikin kwando guda, guda bakwai ne na gaske. Sai kafaɗunta suka fara rawa, ta tuntsire da dariya har da tari, karo na farko cikin mako guda.

"Kun gani ko!" in ji Torvald. "Ya kasa kayar da ni a akwati, ya biyo ta kasko!"

Majken ma ta yi dariya tana share ido. Iya ta sa aka soya mata bakwai ɗin nan, ta cinye ita kaɗai a kan biredi.

Ran Lahadi kowa ya yi ado aka nufi makarantar firamare jefa ƙuri'a. Iya Ragna ta sa hularta mai gashin tsuntsu da ba ta fito da ita sai zaɓe ko jana'iza. A bakin ƙofa suka yi kiciɓis da Sixten. Torvald ya ɗauke kai ya wuce. Sixten ya cire hula ya tsaya a gaban tsohuwa, a kan idon jama'a.

"Iya, kin ba ni amana na ci. Ba ni da hujja ko ɗaya. Ki yi haƙuri."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Na ji." Ta shige abinta. Majken ta bi bayanta, amma da ta zo wucewa ta ɗan taɓa hannunsa.

Sai ran Laraba aka gama ƙirga alamun sunaye. Torvald ya koma kujerarsa. Sixten ya faɗi da ƙuri'a goma sha ɗaya, kuma kowa ya san da ya bar fostocin nan a sanduna ya zauna a rumfarsa, da ya haye. Ya tsallaka dandali ya miƙa wa Torvald hannu a gaban mutane ya ce, "Barka, Baba Torvald." Torvald ya karɓa a daƙile. Da ya dawo gida bai ci kek ɗin da Gunnel ta gasa masa ba sai yanka ɗaya, mutumin da ke cin huɗu.

Ran Juma'a Iya ta kira Majken ta ce, "Ki gaya wa wancan mai kunnuwan, gobe ƙarfe shida. Da takalminsa."

Da asubar fari ina bakin shinge, wai ina duba furannina. Sixten ya iso ya tsaya a ƙofar gida bai shiga ba. Iya ta fito da sandarta, Majken da Gunnel a bayanta kowa da kwando. Sai ga Torvald cikin rigar barci, gashi a tsaye.

"Iya, me yaron nan yake yi a ƙofata? Kuma ina za ku da kwanduna? Ai wurin ya mutu."

"Wurin dutse ya mutu, sai nan da shekara biyu ko uku," in ji Iya. "Na yi kukansa, domin can ne wurina da ubanka. Amma kai Torvald, da hankalinka, kana tsammanin abin da ke cika firizar gidan nan duk shekara daga gindin dutse ɗaya yake fitowa?"

Torvald ya buɗe baki. "Wai... akwai wani wurin?"

"Akwai. Ya ninka wancan sau biyar."

Ya juya ya dubi matarsa. Gunnel ta duƙar da kai tana kallon takalminta.

"Gunnel! Kin sani?"

"Shekara ashirin da takwas ke nan."

"Ni fa? Ni da na fito daga cikinki, Iya? Shekarata sittin da ɗaya!"

"Kai?" Iya ta dogara sandarta. "Kana ɗan shekara goma sha ɗaya ubanka ya kai ka wani wurinmu na dā, can bayan tsohuwar gada. Ka manta? Ran Litinin ka kwashi 'yan ajinku kaf ka kai su, don su zaɓe ka shugaban aji. Suka kuwa zaɓe ka. Wurin bai sake yin ko ƙwaya ɗaya ba, yanzu ma gidaje ne a kai. Ubanka ya yi sati bai ci abincin kirki ba."

Fuskar Torvald ta yi ja har wuya. "Iya, ai yaro ne ni a lokacin..."

"Yaro ne kai a lokacin. Daga baya fa? Shekara hamsin ina jiran kalma biyu daga bakinka, kai da ke iya jawabin awa guda ba ka sha ruwa ba. Wannan yaron ya yi irin laifinka sak. Amma shi ya bi gari gida-gida, ya zubar da kujerarsa da hannunsa, ya tsaya gaban jama'a ya ce in yi haƙuri, har ya nemi kashe mu da kwandonsa don neman gyara. Shi ne za ka hana shiga gida?"

Ba wanda ya motsa. Ni kaina na manta da furannin. Torvald ya tsaya a kan matakala ba takalmi, babban mutum mai furfura. Ya sauko ya kama hannun uwarsa da hannu biyu.

"Iya, ki yi haƙuri."

"Na haƙura tun kafin ka yi gemu. So nake kawai in ji."

Ya goge ido da hannun riga, ya juya wajen Sixten. "Kai kuma ka tsaya nan kamar sandar fitila! In kun dawo ka shigo ka ci kek, ya kusa bushewa. Watan Mayu kuma ka tabbata ka sayi wandon kirki."

Majken ta saki kwando ta rungume mahaifinta tana kuka tana dariya, sannan ta koma ta kama hannun Sixten ta riƙe gam. Iya ta miƙa tafin hannu.

"Kawo wayar."

Sixten ya miƙa ba musu. Ta ba Torvald ta ce ya sa a gwangwanin biredi ya rufe.

"To ku jira ni in sa takalmi," in ji Torvald.

"Wa ya ce da kai za a je? Na yafe maka, ban ce na yarda da bakinka ba. Kai ka ci zaɓe, je ka rubuta jawabi."

"Haba Iya! To aƙalla ki gaya min abu ɗaya. Yana cikin dajin gabas da za mu sayar, ko yana waje? In san inda za a ja layi."

Iya Ragna ta gyara ɗankwalinta, ta yi masa murmushin nan namu na Granlida.

"A daji yake."

Suka tafi su huɗu suka bar shi tsaye da wayar surukinsa a hannu.

Maganar sayar da dajin gabas kuwa, tun daga kakar nan duk lokacin da ta taso a majalisa sai Torvald ya miƙe ya ce akwai bukatar a ƙara nazari. Shekara shida ke nan ana nazari. An yi biki a watan Mayu, Iya tana kujerar gaba da hularta mai gashin tsuntsu, Torvald kusa da ita ya jiƙa hankici biyu.

To 'yan mata da samari, ku ji da kyau. Kowa yana iya kuskure, har wanda ya fi son ki a duniya. Abin dubawa shi ne me ya yarda ya rasa domin ya gyara. Majken ba ta zaɓi saurayi ta yar da iyaye ba, ba ta kuma zaɓi iyaye ta yar da saurayi ba, ta yi haƙuri ta riƙe duka biyun har Allah ya haɗa mata su a tebur ɗaya. Amana kuwa ba ta da ƙarama, ko ta laimar kwaɗi ce.

Iya Ragna ta rasu bara da sanyi, Allah ya ji ƙanta. Bana da kaka na hango Sixten ya fito daga hanyar tafki da 'yarsa a kafaɗa, kwando cike har yana zuba. Na tare shi a bakin shinge da biredi mai kirfa mai zafi, na yi masa daɗin baki, na tuna masa ni na fara ba shi takardarsa ranar da yake bin gidaje. Sannan na rage murya na ce, "Sixten, tsakanina da kai, tsohuwa ta riga ta tafi. A ina ne?"

Ya karɓi biredin ya gutsura, ya ba 'yar saura, ya dube ni ya yi murmushi.

"A daji," in ji shi.